Ƙaramar fistol ta aljihu: wacce zan saya? Ƴan Texas ku taimaka

Bafagge_HTX

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, da fatan kowa ya wuni lafiya. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka daɗe a ƙasar nan musamman ƴan Texas. Ni a Houston nake, ɓangaren kudu maso yamma, aikin dare nake a wani gidan mai, wani lokacin sai ƙarfe biyu ko uku na dare nake tashi, kuma unguwar gaskiya ba ta da daɗi da daddare, ana fasa motoci ana tare mutane a wajen fakin. Iyali suna nan tare da ni, yara biyu ƙanana. Na daɗe ina kai kawo a raina kan maganar riƙe bindiga, da can ko kallonta ba na son yi, to yanzu dai zuciyata ta karkata.

Abin da nake so ƴar ƙarama ce wadda za ta shige aljihu ba wanda zai san da ita, don zafin Houston kun san shi, ba maganar saka jaket, yawancin shekara riga mai gajeren hannu ce da wando, ranar Juma'a da ƙarshen mako kuma kaftanina nake zurawa abina. Na leƙa wani shagon bindigogi mai shagon ya baje min guda biyar a kan gilashi, Ruger LCP Max, da Smith & Wesson Bodyguard 2.0, da Glock 42, da SIG P365, sai wata mai juyawa, wato libarba, 642. Duk na ɗaga na jujjuya, wadda ta fi kwanta min a rai LCP Max ce don wallahi ba ta da nauyi ko kaɗan, amma shi mai shagon sai tura ni yake wajen P365 mai cin harsashin 9mm wai harsashin .380 da su LCP Max ke ci wasan yara ne, ni kuma na rasa gane ko gaskiya yake faɗa min ko don ita ta fi tsada ne yake so ya sayar.

Kuɗin da na ware dala 500 zuwa 600 ne gaba ɗaya. Girin kad gare ni, wato katin zaman dindindin, ban zama ɗan ƙasa ba tukun. Kuma ban taɓa harba bindiga ba a rayuwata, ko ta toka. Wacce za ku ba ni shawara? Na gode.

Kawu_Arlington

Wa'alaikumus salam ɗana. Allah ya tsare, ya raba mu da mugun ji da mugun gani. Kafin a je ga wacce za ka saya, akwai magana ɗaya cikin bayaninka da ta fi sunayen bindigogin nan biyar nauyi, wato girin kad. Doka ta yarda mai girin kad ya sayi bindiga, nan ba matsala, za ka cike fom ɗin 4473 a shago su bincika sunanka. Amma kai da ɗan ƙasa ba ɗaya kuke ba ranar da aka samu kuskure. Shi in an kama shi da ita inda bai kamata ba, tara ce ko ɗauri, ya gama ya koma gidansa, kai kuwa laifin da ya shafi bindiga in kotu ta tabbatar maka da shi, dokar shige da fice ta ba su dama su tasa ƙeyarka gida, ko da laifin ƙarami ne a idon jiha. Ƴaƴana ɗalibai da masu bizar ziyara da ke karanta wannan kuma, hirar nan ba taku ba ce, dokar tarayya ta hana mai irin bizarku riƙe bindiga sai ƴan togaciya kaɗan, kuma kada wani ya ce zai saya muku da sunansa, ku biyun zai kai ya baro.

A Texas tun 1 ga Satumban 2021 wanda ya kai shekara 21 kuma doka ba ta haramta masa ba yana iya ɗaukar fistol ba lasisi. Duk da haka ni ina ce maka je ka yi lasisin, LTC suke ce masa. Kuɗin jiha dala 40 ne, sai na mai koyarwa, aji na awa huɗu zuwa shida, sannan gwajin harbi da harsashi 50, daga yadi 3 da yadi 7 da yadi 15. A ajin ne za a karantar da kai allunan nan da ake mannawa a ƙofar shaguna, 30.05 da 30.06 da 30.07, kowanne da wanda yake hanawa, da jan allon nan mai 51% na wuraren da giya ce mafi yawan cinikinsu, wanda shiga can da bindiga babban laifi ne ko kana da lasisi. Ga kuma dokar tarayya da ta hana bindiga cikin ƙafa 1,000 kewaye da makaranta, mai lasisin jihar ne aka ɗauke wa wannan, kai kuwa mai yara ai kullum kana gindin makaranta. Cikin makarantar kanta kuwa ba a shiga da ita, da lasisi ko babu. Jihohi da yawa suna karɓar lasisin Texas, amma ban da irin su New York da New Jersey da California, in za ka ziyarar ƴan'uwa a Bronx ta New York ka bar ta gida a kulle.

Sai wajen aikinka. Mai gidan man yana da iko ya hana ma'aikaci riƙe makami a bakin aiki, da yawansu sun hana, in an gani kora ce ba doguwar magana. Abin da dokar Texas ta bar wa ma'aikaci shi ne ajiye ta cikin motarsa a kulle a wajen fakin. Ka nemo takardar ƙa'idojin aikinku ka karanta kafin ka kashe ko sisi.

To ita bindigar, ni libarba nake riƙewa, irin 642 ɗin nan da aka nuna maka, kuma ita nake ba sabon shiga shawara. Ba ta da magazin da zai saki a aljihu, ba murfin sama da za ka ja baya, ƙurar aljihu ba ta cika damunta ba, in harsashi ya ƙi tashi ka sake jan kunama ta juya zuwa na gaba. Kunamarta doguwa ce mai tauri, sai da niyya take janyuwa, ni wannan shi ne kwanciyar hankalina tunda bakinta a cinyata yake wuni. Harsashi biyar ne kacal, na sani, yaran zamani za su yi min dariya. Mu dai ba yaƙi za mu je ba, neman hanyar tsira muke mu koma gida.

Dan_Damagaram_NC

Kawu Allah ya ƙara girma, maganar doka kam ba abin da zan ƙara, amma kan libarba a yi min afuwa ban yarda ba, musamman ga wanda bai taɓa harbi ba. Ƙaramar libarba sauƙin fahimta gare ta, wahalar samu gare ta. Kunamar 642 tana kai wajen fam 12 kafin ta saki, ita kuma bindigar nauyinta bai kai fam ɗaya ba, giram 400 da ɗan wani abu ne, to ka ga kana jan fam 12 a jikin abin da bai kai fam ɗaya ba dole baki ya kauce, ga saiti ɗan mitsitsi, ga shuri da harsashin .38 Special mai ƙarfi. Na sha ganin sababbi a filin koyon harbi sun harba zagaye biyu sun ajiye suna yarfa hannu, daga nan kuma ba sa komawa, bindiga ta zama kayan ado a durowa.

Bafagge ɗan'uwa abin da nake so ka gane shi ne, wannan rashin nauyin da ya burge ka a shago shi ne dai zai ba ka haushi a wajen harbi. Ƙarfin da ya tura harsashi gaba shi ke turo bindiga baya, in tana da jiki ta shanye wani abu, in ba ta da shi hannunka ne zai shanye duka. Ga mariƙi gajere, ƙaramin yatsanka a iska yake, ga tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya ƴar kaɗan, kuskuren da ba ka ma gani a hannu sai ya zama taƙi guda a yadi 7. Don haka ba a zaɓen wannan kaya a kan gilashin shago.

Ga yadda nake kallon huɗun. LCP Max ta fito 2021, wajen giram 300, harsashi 10 a magazin da ɗaya a ciki, saitinta na gaba yana haske a duhu, kuɗinta ya fi sauƙi, ta aljihu ce ta gaske amma tana da zafin hannu. Bodyguard 2.0 ta 2024 ce, ba ta ma kai giram 300 ba, magazin na 10 da na 12, mariƙinta ya ɗan fi tsawo kuma kunamarta ta fi daɗi, ni a nawa hannun ita ta fi zama, akwai mai sefti, wato ɗan maɓallin da ke hana ta tashi, akwai maras shi. Glock 42 tun 2014 take, wajen giram 390, harsashi 6 kawai da ɗaya a ciki, ta fi su girma, wani aljihun ma ba ta ɓuya sosai, amma cikin masu .380 ɗin nan ita ta fi laushin harbi nesa ba kusa ba, sabon shiga ya fi saurin iya ta. P365 kuwa da ta fito 2018 ita ta canza kasuwar gaba ɗaya don ta cusa 9mm guda 10 a ƙaramin jiki, bindiga ce mai kyau ba musu, sai dai giram 500 ce ba harsashi, in ka loda ta ta doshi 600 ko ta wuce, wannan ta ƙugu ce da bel mai ƙarfi, in ka sa ta a aljihun wandon yadi kana tafe tana jan wandon ƙasa.

Maganar mai shago cewa .380 wasan yara ne, cika baki ne na ƴan kasuwa, amma akwai ƙanshin gaskiya a ciki. Kaurin harsashin ɗaya ne da 9mm, bambancin kwanson .380 milimita 17 ne na 9mm kuma 19, kan harsashin ya fi sauƙi albarushin ya fi kaɗan. John Browning ne ya ƙera shi tun 1908, ba sabon abu ba ne. Inda matsalar take, tun bayan musayar wutar Miami ta 1986 da aka kashe jami'an FBI biyu, hukumar ta sa ma'auni cewa harsashi ya nutse inci 12 zuwa 18 a cikin wani daskararren jel da suke gwaji da shi. 9mm yana cika wannan cikin sauƙi, shi .380 daga ɗan gajeren baki a bakin iyaka yake, wani in ya buɗe sosai ba ya kai 12, wani ya kai amma bai buɗe ba. To sai an zaɓi harsashin da kyau, irin Federal Hydra-Shok Deep ko masu kan XTP mutane sun fi yabawa. Kuma abin haushi akwatin .380 ya fi na 9mm tsada duk da ƙanƙantarsa, ka sa wannan a lissafi tunda atisaye ne zai ci kuɗin.

Kuɗinka kada ka zuba su duka a bindiga. Ka cire na kube, ka cire na akwatin ƙarfe mai makulli, na aji, na harsashin atisaye. Kuben aljihu dole ne ba zaɓi ba, wanda ya rufe kunama ruf kuma yake maƙalewa a aljihu in ka zaro, irin DeSantis Nemesis ko na roba mai tauri, kuma aljihun nan ya zama nata ita kaɗai, ba makulli ba sulalla ba carbi. Plaxico Burress ɗan ƙwallon New York Giants a 2008 ya soke Glock a ƙugu ba kube ya shiga gidan rawa a Manhattan, ta zame ya kai hannu zai tare ta ya harbi cinyarsa, ƙarshe aka yanke masa ɗaurin shekara 2 a kan raunin da ya ji wa kansa.

Maman_Biyu

Salamu alaikum. Ni ba masaniyar bindiga ba ce, nas ce ni a Minnesota, amma ƙanena tunda ka ambaci yara biyu ƙanana ba zan iya wucewa ban ce komai ba. Duk kuna ta maganar wacce ta fi shiga aljihu, to wadda ta fi shiga aljihun ita ce kuma ta fi shiga hannun yaro ɗan shekara uku, kuma a idonsa abin wasa ce. Ka dawo ƙarfe uku na dare a gajiye liƙis, ka tuɓe wando ka rataye a bayan ƙofa ko ka jefa kan kujera ka bingire da barci, yara kuma sun tashi shida na safe, mun san halinsu da laluben aljihun baba neman alawa. Akwatin makullin nan da Ɗan Damagaram ya sa a tsakiyar lissafi ni a wajena shi ne farkon saye, tun bindigar ba ta shigo gidan ba, kuma daga aljihu sai akwati, ba ta sauka ko'ina a tsakani. Ko a Texas ɗin taku laifi ne a bar bindiga mai harsashi inda ɗan ƙasa da shekara 17 zai kai gare ta.

Sannan uwargida ta sani kuwa? Ba wai sanarwa bayan an sayo ba, shawara. Ita ce ke wuni da yaran.

Wani abin da ba ma son faɗa a tsakaninmu, a alƙaluman CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, na 2021 mutum 48,830 ne bindiga ta kashe a Amurka, sama da 26,000 a cikinsu kansu suka kashe, fiye da rabi ke nan. Mu nan zaman ƙasar waje ne, ga kaɗaici ga bashi ga aikin dare ga ƴan gida suna jiran aike, muna cewa mu masu imani ne ba ya samun mu, ni dai a asibiti nake aiki. In akwai mai fama da damuwa a gidan, ko kai ko ita, a dakata da maganar nan tukun.

Na ƙarshe, mu baƙaƙe ne masu baƙon harshe. Nan garinmu a Falcon Heights ranar 6 ga Yulin 2016 ɗan sanda ya tsayar da Philando Castile a mota, yana da lasisinsa, da bakinsa ya gaya wa ɗan sandan cewa akwai bindiga a jikinsa, cikin ƴan daƙiƙu aka harbe shi a gaban budurwarsa da ƴarta mai shekara 4, kotu kuma ta wanke ɗan sandan a 2017. To kai da bindigarka ke aljihu, kada walat ɗinka ya zauna kusa da ita. In an tsayar da kai hannu biyu kan sitiyari, kunna fitilar cikin mota, faɗi abin da ke jikinka a natse, kada ka motsa sai an ce ka motsa. Kuma dan Allah ko ka saya ko ba ka saya ba ka riƙe barkonon fesawa da tocila mai ƙarfi, yawancin fitinar wajen fakin ba ta kai ta harbi ba.

Bafagge_HTX

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Kawu na duba takardar aikin, gaskiyarka, an hana a bakin aiki, ke nan sai dai a mota. Anti uwargida ta san da maganar amma ba ta gama sakin jiki ba, zan nuna mata abin da kika rubuta mu sake zama. Ɗan Damagaram ka sa na fara kallon Glock 42 da Bodyguard ɗin, Asabar zan je inda ake ba da haya in gwada.

Saura abu biyu. Ba wanda ya taɓo maganar kaftani, tunda wandonsa zariya ce ba bel, aljihun gefe na rigar zai yi? Kuma masallaci fa ranar Juma'a? Na biyu, in zan je gida hutu, tunda na ji ana iya sa ta a akwatin kaya a jirgi in an sanar, zan iya tafiya da ita Kano? Hanyoyin namu kun san yadda suke.

Na_Kofar_Mata

Hahaha malam Bafagge mu da ke Kano muna karanta ku muna shan mamaki, wai mutum ya shiga shago a baje masa fistol biyar ya zaɓa. To wannan tambayar taka ta biyu ni zan amsa, kada ka soma, ko a mafarki. Waccan ƙa'idar ta sa ta a akwati a kulle ba harsashi a sanar da kamfanin jirgi, ta zirga-zirgar cikin Amurka ce, fitar da ita ƙasar waje wani babi ne daban mai nasa takardu, shigo da ita nan kuma shi ne babbar magana. A dokar makamai ta Najeriya, wadda asalinta tun 1959 take, fistol da libarba suna rukunin haramtattun makamai ne, layi ɗaya da bindigogin soja, lasisinsu sai da izinin shugaban ƙasa. Bindigar farauta irin mai baki biyu ita ce ke hannun sufeto janar na ƴan sanda, ta gargajiya irin ta maharba kuma kwamishinan ƴan sanda na jiha. LTC ɗinka na Texas a filin jirgin Malam Aminu Kano takardar tsire ce, kwastan za su karɓe ka hannu biyu, kuma ɗaurin shekara 10 ake magana.

Ka tuna a Yunin 2022 gwamnatin Zamfara lokacin Matawalle ta fito ta ce jama'a su nemi lasisi su mallaki bindiga su kare kansu daga ƴan bindiga, nan take ƴan sanda suka ce su ba su ɗage dakatar da ba da lasisi ba, babban hafsan tsaro na lokacin Janar Irabor ma ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Gwamna ke nan fa, balle kai da ka zo hutun sati uku. Ka hau jirgin cikin gida daga Abuja ko Legas ka sauka Kano, ka bar tafiyar dare, tsarabar turare da cakulan ta ishe mu.

Kawu_Arlington

Na Ƙofar Mata ya gama wannan. Ɗan Damagaram na ji ka, kuma na yarda 642 ba ta da daɗin harbi, sai dai ka faɗa masa su ma ƙananan masu magazin in riƙo ya yi sako-sako cijewa suke, kuma ranar tashin hankali ba a samun riƙo irin na filin atisaye. Ya gwada duka, hannunsa zai raba mana gardama.

Kaftani kuwa ɗana na daɗe ina fama da shi. Aljihun gefen nan yana da zurfi, ɓoyewa kam ba a magana, amma ba a jikinka yake ba, a jikin yadi yake rataye, kana tafe tana lilo tana dukan cinya kamar mangwaro a leda, gefe ɗaya na rigar ya zube ƙasa, in shadda ce mai sitati da sauƙi, in yadi ne mai laushi ko boyel kowa ya ga shatinta. In ka zauna a ƙasa bakin aljihun buɗewa yake, bakin bindigar kuma ya kalli duk inda ya ga dama, sau da yawa wanda ke kusa da kai. Abin da na yi, na sa tela ya ɗinka min wandunan kaftani da madaukan bel da aljihu mai kauri irin na wandon Turawa, aljihun rigar na dama kuma aka farke shi ta ciki ya zama ƙofa kawai, in na sa hannu ta nan sai in tarar da aljihun wando. Daga waje ba wanda zai ce ga abin da ke nan. A nan ne rashin nauyi ke da rana, P365 ba za ta yi wannan aikin ba. Ka sani kuma duk mai ɗauka a aljihu, in yana zaune a mota da bel ɗin kujera a ɗaure, zaro ta aiki ne ja, kai kuma rabin zirga-zirgarka a mota ce, ka gwada wannan a gida da bindigar ba harsashi ko ɗaya, harsasan ma a wani ɗakin.

Masallaci, tun Satumban 2019 dokar Texas ta mayar da wuraren ibada kamar sauran wurare masu zaman kansu, wato ya rage ga masu wurin, in sun kafa allo ko sun faɗa da baki an hana to an hana. Masallatai da yawa sun kafa, wasu kuma suna da nasu masu tsaro da suka tsara. Ka duba ƙofa, ka kuma tambayi kwamiti, kada ka yi gaban kanka. Ni ra'ayina sabon shiga kada ya kai ta sahu, ga ruku'u ga sujada ga cunkoso ga yara suna tsallake mutane, ga wajen alwala da ake tattare riga. Ai ko a hadisi wanda ya ratsa masallaci da kibau an umarce shi ya kama tsininsu kada ya ji wa wani. In a mota za ka bar ta kuwa, ƙaramin akwatin ƙarfe mai igiyar waya da ake ɗaurewa a ƙafar kujera za ka nema, ba aljihun gaban mota ba, ɓarayin da ka ce suna fasa motoci abin da suke nema ke nan.

Dan_Damagaram_NC

Kawu wannan dabarar tela wallahi yau na fara jin ta, zan kai nawa a yi min. Mu nan North Carolina in ɗan sanda ya tunkare ka dole ne kai ka fara gaya masa kana ɗauke da ita, kowace jiha da nata, sai a riƙa dubawa kafin a tsallaka iyaka.

Bafagge in ka je Asabar ka fara bugo musu waya, wasu wuraren ba sa ba mutum shi kaɗai hayar bindiga in bai zo da tasa ba, kuma yawanci sai dai ka sayi harsashinsu. Ka biya awa ɗaya da mai koyarwa, ka ce ya fara maka da mai ƙaramin harsashin .22 ko babbar 9mm hannunka ya saba kafin ka taɓa ƙananan, in ka fara da LCP za ka koyi runtse ido ne kawai. Toshe kunne biyu, na cusawa da na kifawa a kai, cikin gini ƙarar ta fi yadda kake zato. Ka sa wandon da kake zuwa aiki da shi, ka roƙe su su bar ka ka gwada kuben a aljihu da bindigar da ba komai a ciki. Ka ɗauko mana hoton takardar da ka harba a yadi 7, kowace bindiga da tata takardar, mu ga ko libarbar Kawu za ta fitar da shi kunya.